Ranar da Mama Ta Ba Jakada Tukuici

Watana huɗu da fara aiki a ofishin jakadancin wata ƙasa a Abuja lokacin da abin ya faru. Ba zan faɗi sunan ƙasar ba, domin har yanzu a wurinsu nake cin abinci, kuma na riga na ɗanɗana abin da sakin baki ke jawowa. Tafinta aka ɗauke ni, in juya Turanci zuwa Hausa, in juya Hausa zuwa Turanci, bisa sharaɗin gwaji na wata shida. In na yi abin kirki a tabbatar da ni, in na yi shirme a nuna mini ƙofa. Kafin nan shekara uku na yi ina yawo da takardun digiri a cikin ambulan, daga Orozo inda nake haya zuwa duk wani ofis mai maigadi a cikin gari, har masu gadin suka fara gaishe ni kamar ma'aikaci. Saboda haka da aikin nan ya samu, hannu biyu na sa na riƙe shi.

Shugabata mataimakiyar jakada ce, wata siririyar baturiya mai saurin tafiya, kowa Madam yake ce mata. Ba ta da mugunta, amma ba ta da wasa, kuma tana da son koyarwa ko ba a tambaye ta ba. A wurinta na fara gane cewa harkar jakadanci ta wuce cin abinci da gaisawa a gaban tuta, yadda na ɗauka da. Kowace ƙasa tana da akwatin kayan aikinta, kamar bakanike, kuma daga kujerata ta bakin taga na ga an buɗe namu sau da yawa.

In muna ɗasawa da gwamnatin Nijeriya, layin masu neman biza sumul yake tafiya. Da zarar an ɗan samu saɓani, sai na'ura ta kama ciwo, a ce wa mutane su dawo wani watan. Akwai tallafin karatu, wanda Madam ta fi ƙauna: a ɗebi yara masu ƙwaƙwalwa a kai su can su sha sanyi shekara huɗu, su dawo suna kewar burodin ƙasar, wata rana ɗayansu ya zama darakta a ma'aikata, in ka kira shi ya ɗauki waya. Takunkumi kuwa ban taɓa ganin an fito da shi ba, sai dai akan bari a hango shi, kamar bulalar da malami ke ajiyewa a kan tebur. Har ƙin zuwa biki ma makami ne. Na taɓa ganin an shafe rabin yini ana shawara a kan ko jakada ne zai je wata walima ko kuwa a tura ƙaramin jami'i, don masu walimar su gane an yi fushi da su ba tare da an ce uffan ba. Ni da na taso a gidan da in an yi fushi da kai maƙwabta ma sai sun ji, abin ya ba ni dariya ƙwarai.

Wata Litinin Madam ta kira ni ofishinta ta rufe ƙofa. Ta ce ofishin jakadancin wata ƙasa, wadda muke gaisawa da ita da murmushi muna harararta ta wutsiyar ido, ya haƙa rijiyar burtsatse a wani ƙauye kusa da Sheda, hoton jakadansu yana shan ruwa da tafin hannu ya cika jaridu. Ga shi nan da 'yan watanni za a yi zaɓe a wani taron ƙasashen duniya, mu da su matsayi ɗaya muke nema, kowa na zawarcin ƙuri'ar Nijeriya. Ta ce ba wai kyauta za ta sayi ƙuri'a ba, amma jami'in da zai ba da shawara yana karanta jarida da safe, kuma mutum yakan tuna fuskar da ya gani tana alheri.

"Wannan maganar tsakanina da kai ce," in ji ta. "Ba ta fita daga ginin nan."

Na ce ko kusa, Madam.

Shawarar da aka yanke ita ce a ba wa wata ƙungiyar mata masu ginin tukwane, a wani ƙauye kusa da Kwali, tanderun gas na gasa tukwane. Madam ta ga aikinsu a wani baje koli ya burge ta. Ta turo mini hoton shugabar matan a kan tebur don in san fuskarta. Na duba, sai ga mahaifiyata ta murtuke fuska, kamar mai hoton ya taka mata yumɓu.

Ban ɓoye ba, na ce wannan ai Mamata ce. Na zaci za a cire ni daga aikin, sai Madam ta tafa hannu ta ce abin ya zo da sauƙi ke nan. Ni zan shirya ta, in koya mata jawabin godiya na layi huɗu da aka rubuta, ni kuma zan yi tafinta ranar taro. Ta ƙara da cewa yadda taron ya tafi zai shiga cikin rahoton da za ta rubuta a kaina.

Mama 'yar ƙabilar Gbagyi ce. Marigayi Babana Bazazzage ne, ya zo ƙauyen sayen doya, ya ga wata budurwa ɗauke da tulu a kafaɗa, shi ke nan doya ta tafi Zariya shi bai tafi ba. A wurin surukarta, wadda ta biyo ɗanta ƙauyen, ta koyi al'adun Hausawa, kuma ta riƙe su fiye da masu su, musamman tukuici. A gidanmu ba a taɓa aiko mutum da kyauta ya fita hannu wofi ba, ko da ƙwai ɗaya ne, kuma kwanon da ya shigo da abinci ba ya komawa wayam. Akwai ranar da wata mata ta yi ɓatan gida ta shigo mana da tuwon suna, aka gane kuskure aka nuna mata gidan da aka aike ta, amma sai da Mama ta bi ta da gyaɗa har bakin hanya, wai ai ƙafarta ta riga ta tako.

Ranar Asabar na shiga mota na tafi. Na same ta a ƙarƙashin ɗorawa tana ginin randa, tana zagaya ta da baya da baya yadda suke yi, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje.

"Mama, sannu da aiki."

"Yauwa, ɗan boko. Ka ja takalmin nan naka can, kar ka ɓata mini yumɓu."

Na zauna a kan turmi na kwashe labari na gaya mata, ina ƙara masa gishiri. Ba ta daina zagayawa ba.

"Randa nawa yake ci, tanderun?"

Na gwada mata girmansa da hannu.

"Wannan ko tulu biyu ba zai ɗauka ba. Da me yake aiki?"

"Da gas."

"Gas ɗin a daji ake sarowa?"

Na ce za a ba su na wata shida kyauta.

"In ta lalace fa?" Hausar Mama haka take, in ta ga dama tanderu namiji ne, in ta ga dama mace, har mutane ma haka take musu.

Na ce kayan gyaransa daga ƙasarsu ake kawowa.

"To," in ji ta. Ta yi zagaye biyu, sannan ta ce, "Me suke so?"

"Ba komai, Mama. Zumunci ne kawai."

Nan ta tsaya. Ta dube ni irin duban da take mini ina yaro in na ce ba ni na sha nonon ba alhali ga shi a haɓata.

"Mutum ya tsallako teku, ya wuce Gwagwalada da cunkosonta, ya kawo wa tsohuwa tanderu, ka ce mini ba komai? Ko dai ba su gaya maka ba ne? Ƙila ba ka kai ba tukuna."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta kayar da ni. Ni ban kai ba? Ni da ake rufe ƙofa a yi magana da ni? So nake Mama ta san ɗanta ya zama mutum, yana zama inda ake ƙulla manyan al'amura. Sai na gyara zama na zazzage mata komai: rijiyar Sheda, taron duniya, ƙuri'ar Nijeriya, har da jami'in da ke karanta jarida da safe. Da na gama sai hankalina ya dawo jikina, na ce don Allah kar ta faɗa wa kowa.

"Wa zan faɗa wa? Tukwane?"

Na karanta mata jawabin godiyar sau biyu ta haddace shi tsaf. Ta ce magana ce mai daɗi, sai dai an cika mata sukari. Na komo Abuja raina fari tas, ina ganin na gama aiki.

Ranar Alhamis da hantsi aka yi taron, a filin da ke gaban rumfar matan. An kafa rumfunan haya, an jera fararen kujerun roba, ga makaɗa, ga wakilin hakimi da rawaninsa, ga 'yan jarida sun kafa kyamarori. Tanderun na tsaye a gefe an lulluɓe shi da farin ƙyalle, an manna masa allon ƙarfe mai tutoci biyu. Jakadanmu dogon dattijo ne mai manyan kunnuwa da rana ke mayarwa jajaye. Kalmomin Hausa uku ya sani, kuma duk inda ya sauka a tare yake sakinsu: sannu, na gode, madalla. Yana fitowa daga mota ya sake su, mata suka rangaɗa guɗa.

Ya fara jawabi, ina tsaye a gefensa da lasifika ina juyawa jimla bayan jimla. Muryata na fita raɗau, har na hango Madam tana gyaɗa kai. Can wajen ƙarshe ya ɗora hannu a ƙirji ya faɗi abin da jakadu suka saba faɗa don nuna tawali'u. Na juya shi yadda ya faɗa:

"Kada ku gode mini. Wannan kyauta ba daga aljihuna ta fito ba. Ni ɗan aike ne kawai, gwamnatina da mutanen ƙasata su suka aiko ni."

Ina rufe baki na ga Mama ta ɗago kai. Ta jawo zanen matar da ke kusa da ita ta raɗa mata wani abu, matar ta tashi ta nufi cikin gida da sauri. Na san wannan raɗar tun ina rarrafe. Ba wanda ya taɓa tsayawa a gaban Mama ya kira kansa ɗan aike ya tafi haka nan.

Aka yaye ƙyalle, aka tafa, aka kira shugabar mata. Ta taso cikin sabon zanenta, ta karɓi lasifika kamar ta saba. Ta faɗi layi na farko na jawabin da aka rubuta, ta faɗi na biyu, ina juyawa ina hamdala a zuci. Sai ta tsaya.

"Sauran na manta," in ji ta, alhali na san ƙarya take. "Ɗana, gaya wa baƙon nan, tunda ta ce ita 'yar aike ce, to a nan ba a sallamar ɗan aike da baki."

Jama'a suka fashe da dariya. Na juya. Kafin jakada ya gane inda aka dosa, sai ga matar nan ta dawo rungume da wani ƙaton farin zakara, an ɗaure ƙafafunsa da tsumma, yana zare ido yana kallon manyan baƙi.

"Wannan tukuicinsa ne," in ji Mama. "Nasa ne shi kaɗai, na wahalar hanya. Kar ya kai wa gwamnati."

Na juya, na ƙara da ɗan bayanin abin da tukuici yake nufi. Na san dokar ofis ta hana ma'aikaci karɓar kyauta don kansa, na kuma san an ba wakilin ƙasa guda abin da ake ba wanda ya kawo kwanon tuwo. Na saci kallon Madam, na ga ta daina gyaɗa kai.

Ba a gama da zakara ba sai ga mata huɗu sun fito da randa, irin wadda mutum zai iya ɓuya a ciki, an zane ta da kifaye da ƙadangaru. Ita ce wadda na tarar tana ginawa. Suka sauke ta a gaban tanderun, sai ta kusa fin shi tsawo.

"Wannan kuma ta waɗanda suka aiko shi ce. Kwanonsu ba zai koma wayam ba."

Na juya wannan ma. A raina na ce to, an tsallake, abin dariya ne kawai, Madam za ta huce. Ashe Mama ba ta gama ba. Ta gyara riƙon lasifika.

"Ka ce masa ɗana ya gaya mini ƙuri'ar ƙasarmu suke nema a wani taro. Ka ce masa ni ba ni da ita, matan nan ma ba su da ita, yumɓu gare mu. Amma neman abu ba abin kunya ba ne. Mu ma in mun kai tukwane kasuwa, murmushi muke yi wa mai saye. Abin da ba na so shi ne in karɓa in yi shiru, gobe in sun yi abin da bai kamata ba in kasa ɗaga ido in dube su. Yanzu sun ba ni, na ba su. Mun zama abokai, kowa da bakinsa."

Zufa ta keto mini tun daga ƙeya har cikin safa. Kowa ni yake kallo, jakada ya karkato da babban kunnensa yana jira. Na ga ɗakina na Orozo, na ga ambulan ɗin nan mai takardu, na ga rana a kan titunan Abuja. Abu ne mai sauƙi in ce tana addu'ar Allah ya ƙara danƙon zumunci tsakanin ƙasashen biyu. Tafintoci na yin haka kullum. 'Yan jarida sun ji Hausar, gaskiya ne, amma wa zai koma ya gaya wa jakada? Ƙila ba kowa.

Har yau ban san takamaiman abin da ya hana ni ba. Tsoro dai na ji shi. Amma abin da na fi tunawa shi ne maganar ta yi mini kyau. Wata huɗu ina jin ana kewaye-kewaye da manyan kalmomi a ofis, ga tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta faɗi abin a fili, ba zagi ba roƙo. Na ji ba zan iya binne ta ba. Na yi ta maza na juya ta duka, tun daga "ɗana ya gaya mini" har zuwa "kowa da bakinsa", ban rage ko wasali ba.

Fuskar Madam ta yi fari, sannan ta yi ja. Jakada ya dube ni ta saman tabarau.

"Ɗan nata, kai ne?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Ya dubi Mama, ya dubi randa, ya dubi zakara. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza, ya tuntsire da dariya har yana share hawaye da bayan hannu. Ya miƙa hannu ya karɓi zakaran ta wuya, Mama ta yi wuf ta ƙwace ta gyara masa riƙo, ta cusa masa shi a hammata tana faɗa da Hausa wai haka ake riƙe kaza a garinsu? Ya karɓi lasifika da ɗaya hannun.

"Gaya mata gaskiyarta ce," in ji shi. "Muna son ƙuri'ar. Muna kuma son tukwanen. Gaya mata na yi shekaru ana aikena ƙasashe, yau ne karo na farko da wani ya tuna da wahalar hanyata."

Da na juya wannan, guɗa ta tashi ta ko'ina, makaɗa suka saki ganguna ba wanda ya ba su izini. Matan suka ja jakada cikin fili, ya taka rawa da zakara a hammata, kunnuwansa kamar an shafa musu manja. Wakilin hakimi na dariya har rawaninsa ya karkace. Kowa na murna a filin nan ban da mutum biyu, ni da Madam.

A hanyar komawa ni da ita mota ɗaya muka shiga, aka sa zakaran a bayanmu cikin kwali. Tun daga Kwali har Abuja ba ta ce mini ko kanzil ba. Zakaran ne kaɗai ya yi magana, ya yi cara sau biyu a cunkoson Gwagwalada. Da muka sauka, direbanmu, wani mutumin Filato mai barkwanci, ya jawo ni gefe yana haɗa Hausa da Turancin buroka.

"Oga tafinta, wahala de fa. Mamanka ta iya magana, amma ka je ka fara kakkaɓe takardunka."

Washegari hoton jakada da zakara ya fito a jaridu, ya fi na mai shan ruwa da tafin hannu girma. Ba wanda ya kira ni. Na yini ina juya takarda ɗaya, duk wanda ya buɗe ƙofa sai in ɗago kai. Asabar da Lahadi abinci ya ƙi shiga. Ban kira Mama ba, don fushi nake da ita, kuma na fi fushi da kaina, tunda ba ita ta yi wa Madam alkawari ba.

Ranar Litinin da safe aka ce jakada na nemana. Na shiga ofishinsa. Madam na zaune a gefe da takardu biyu a gabanta. Ita ta fara, ta wanke ni tas, cikin nutsuwa, ba ɗaga murya. Ta ce an ba ni amana na kai ta ƙauye, kuma da maganar ta fi wannan nauyi da yanzu wasu mutane ne ke tambayata ba ita ba. Ta turo mini takarda ta farko, ta gargaɗi ce, za ta zauna a fayil ɗina. Na sa hannu.

Sai jakada ya cire tabarau ya ajiye.

"Na zauna da ministoci da yawa," in ji shi. "Sun san dalilin da muke ba da kyauta, mun san sun sani, ba mai faɗa. Na kuma yi aiki da tafintoci da yawa, kuma kusan dukkansu suna tace mini magana kafin ta iso kunnena, su ba ni mai daɗin su riƙe mai ɗacin. Sai in koma in rubuta wa gwamnatina cewa kowa na ƙaunarmu. Ranar Alhamis ka samu dama ka ceci kanka da jimla ɗaya, ba ka yi ba. Daga yau duk ɗakin da zan shiga a yi Hausa, da kai zan shiga."

Madam ta turo takarda ta biyu. An tabbatar da ni, ba sai an jira wata biyun da suka rage ba. Na sa hannu.

"Amma abin da ka ji a ginin nan," in ji Madam, "ko mahaifiyarka ta ce ba ka kai ba, ka yarda ba ka kai ba."

Ban san yadda aka yi ta gane abin da ya faru a ƙarƙashin ɗorawa ba. Ƙila ita ma tana da uwa. Na ga gefen bakinta ya ɗan motsa, wannan shi ne murmushinta na farko da na taɓa gani. Na fito ina jin kamar in rungumi duk wanda na gamu da shi, na saya wa masu gadi da direbobi lemo, na tsaya a bakin ƙofa ina dariya ni kaɗai.

Ƙuri'ar kuwa a asirce aka kaɗa ta, har yau ban san inda ta Nijeriya ta faɗa ba. Abin da na sani shi ne can babban birninsu sun ji daɗin hoton, har suka sa shi a mujallarsu, wato tukuicin Mama ma sai da ya shiga akwatin kayan aiki. Randar aka yi mata akwatin katako ta hau jirgi. Zakaran ya zauna a lambun gidan jakada yana tashinsa sallar asuba da ba ya yi. Tanderun yana nan yana aiki, matan na gasa kofuna da ƙananan kasake na masu yawon buɗe ido a ciki, manyan randuna kuwa har gobe a fili ake toya su da itace da ciyawa.

A irin wannan toyi na tarar da Mama ranar Asabar ɗin da ta biyo baya. Wuta ta mutu, ana zaro tukwane da dogon sanda ana yayyafa musu ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, suna ƙara suna hayaƙi. Na nuna mata takardar, na gaya mata abin da ke ciki, matan suka yi ta guɗa. Da suka koma bakin aiki na matsa kusa da ita.

"Mama, kin kusa raba ni da aikina fa."

"Na sani," in ji ta, ba ta dube ni ba. "Bakina ne ya riga hankalina. Ina faɗin 'ɗana ya gaya mini' na tuna ka ce kar in faɗa. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina tsaye ina ta addu'a a zuciyata, Allah ka sa yaron nan ya haɗiye wannan wurin."

"Ke kika so in haɗiye?"

"To da? Ɗana ne kai ko ɗan gwamnatinsu? Shekara nawa ina sayar wa Turawa tukwane, ka ɗauka ba na tsintar Turanci? Ina ji ka ambaci kanka, na ce shi ke nan, na haifi wawa. Kwana uku ban taɓa yumɓu ba."

Ta ajiye sandan, ta goge hannu a zane, ta ce in sunkuyo. Na sunkuya. Ta ƙwanƙwasa goshina da bayan yatsa sau biyu, yadda take yi wa tukunyar da ta fito daga wuta, ta karkata kai ta saurara.

"Ka gasu," in ji ta. "Ba ka tsage ba."

Ni da gemuna, da takardar aiki a hannu, sai ga hawaye, ina dariya suna zuba. Ta ce hayaƙi ne, ita ma ya shiga nata idon. Sannan ta miƙo mini tsumma ta ce in cire agogon nan in taya su kwasa.